Abin da Ishiyaku Mai Feshi Ya Binne a Yashi

Duk wanda ya yi noman rani a bakin Rafin Marke cikin shekara ashirin ɗin nan ya san Malam Ishiyaku mai feshi. Dogo ne siriri, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan karkace saboda goyon injin feshi, kuma ko ranar Juma'a ya yi wanka ya shafa turare, in ka matso kusa sai ka ji ɗan warin maganin ƙwari yana leƙowa ta ƙarƙashin turaren. Mutumin Unguwar Kargo ne, wani ƙauye a ƙasar Birnin Kudu, can gaba da Kangire, daidai inda rafin yake fara faɗi kafin ya gangara ƙauyukan ƙasar Gwaram.

Ubansa manomin lambu ne, da jigo ya yi ban ruwa har ya koma ga Allah. Shi kuwa Ishiyaku ya taɓa firamare har aji shida, abin da ya ɗaga shi ke nan a kan tsararrakinsa. Da magungunan feshi suka shigo ƙauyuka, shi kaɗai ne yake iya juya roba ya karanta abin da aka rubuta a bayanta. Wani malamin gona ya lura da shi, ya koya masa awo da gauraye, ya nuna masa yadda ake bin iska. Daga nan ya sayi injinsa na goyo, ya shiga yi wa mutane feshin tumatir da tattasai da albasa da rani, wake kuma da damina. Da wannan injin ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'ya uku.

A faɗi gaskiya, ya iya aikinsa. Ba ya feshi da tsakar rana, ba ya cin goro sai ya wanke hannu da sabulu, ba ya barin akuya ta raɓi gonar da ya fesa. Matsalarsa ɗaya ce, ya san ya iya, kuma yana so kowa ya san ya sani. In ya ga wani ya auna magani da ido, zai tsaya a kunyar gona ya yi masa huɗuba har tumatir ya yi yaushi. Samarin gari suka laƙaba masa Likitan Tumatir. Da sunan ya zo kunnensa bai ji haushi ba ko kaɗan, sai ma ya ƙara gyara zaman hularsa.

Akwai wata ɗabi'a tasa da yake alfahari da ita a zuci. Wata rana a kasuwar Birnin Kudu ya ga wata tsohuwa tana sayar da man gyaɗa a cikin robar maganin ciyawa, ta wanke ta tas, ita a ganinta ta sami mazubi mai kyau. Abin ya tsaya masa a rai. Tun daga ranar, duk robar da ya juye, sai ya sa matarsa Raliya ta gasa masa ƙusa a murhu, ya huda gindinta huda uku don kada wani ya sake zuba abin ci a ciki. In sun taru sai ya kai su ya binne. A gona garma za ta tono su, a tudu kuwa ƙasar rani ta fi ƙarfin fartanya, saboda haka ya zaɓi yashin rafi, ƙasa da lambunsa, wurin da yake bushewa ƙayau da zarar kaka ta wuce. Can zai tona rami, ruwa ya tsattsafo, ya ɗauraye injinsa, ya juye ragowar magani, ya jefa robobin ya mayar da yashi. Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir, ya sayo wani magani mai ƙarfi da yawa, jarka huɗu suka yi kwantai har suka daskare. Su ma can ya kai su da murafensu a rufe, ya ƙara wa ramin zurfi. Ya koma gida yana ganin ya yi abin da mutumin kirki zai yi.

Maganar haɗa kan ƙauyuka kuwa Malama Khairiyya ce ta kawo ta, wata ma'aikaciyar duba-gari 'yar Gwaram. Ta gaji da ganin ana ɗauko yara daga ƙauyukan ƙasan rafi da ciwon ciki duk rani, in ta yi wa na ƙasa faɗa su ce daga sama ne, in ta je sama su ce ai ba ƙaramar hukumarta ba ce. Sai ta hau acaɓa ta bi dagatai ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa da abokan aikinta na Birnin Kudu, har ƙauyuka tara suka yarda su zauna, biyar na ƙasar Birnin Kudu, huɗu na ƙasar Gwaram. Kowane ƙauye ya ba da wakili, ana taro ana zagayawa gari gari. Aka ware mashayar dabbobi, aka hana wankin babur a inda ake ɗiban ruwan sha, aka hana bahaya a cikin yashi. Unguwar Kargo ba su ko yi shawara ba, suka tura Ishiyaku.

Nan fa ya sami abin da ya daɗe yana nema, wato jama'a a zaune ba su da wurin gudu. Shi ne ya kawo doka mafi tsauri: duk wanda aka kama ya zuba magani a ruwa don ya kashe kifi, a hana shi rafin gaba ɗaya, daga ƙauyen farko har na tara, ba kamun kifi, ba lambu. Wasu dattawa suka ce a sassauta, ya ce sam, rai ake magana. Game da raminsa kuwa, ko sau ɗaya bai kawo shi a ransa ba. Shi dai a yashi yake binnewa, kuma a lissafinsa yashi daban, ruwa daban. Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, to shi Ishiyaku a kan nasa ya shimfiɗa buzu ya zauna.

Daminar da ta biyo baya aka yi ruwa irin wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Rafin ya cika ya tumbatsa, ya ci gaɓa, ya tumɓuke itatuwa, ya kwashe yashin nan ya kai can. Da ruwa ya janye aka shiga rani, sai labari ya zo daga Tudun Gawo, ƙauye na biyu a ƙasar Gwaram. Suna da wani gurbi mai zurfi a kwanar rafin wanda ba ya ƙafewa, a gefensa mata suke tona yashi su ɗebi ruwan sha. An wayi gari karfasa da tarwaɗa sun taso saman gurbin ciki a sama. Awaki uku sun mutu. Yara biyar suka kama amai, aka garzaya da su asibiti a Birnin Kudu, Allah ya sa da sauran kwana suka tashi. Kuma an ga Ƙasimu, wani masunci ɗan garin, a bakin gurbin da robobin magani a hannunsa.

Ƙasimu mutum ne mai kamar shekara talatin da biyar, sana'ar su ya gada kaka da kakanni, yana da mata da 'ya'ya huɗu. Ba shi da gona ko ta kunya ɗaya. Komarsa da goransa su ne duk abin da ya mallaka, da su yake bin rafin sama da ƙasa. Ba mai yawan magana ba ne, irin mutanen nan da ruwa ya koya wa shiru.

Aka kira taron gaggawa a ƙofar gidan dagacin Tudun Gawo da hantsi. Ishiyaku ya iso a kan babur a fusace, bai ko tsaya an gama gaisawa ba ya nemi izini ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza," in ji shi. "Mu muka kafa dokar nan da bakinmu. In yau muka ce ɗan gari ne a rufa masa asiri, gobe wani zai zuba, jibi kuma gawa za mu ɗauka. Mutumin da zai sa wa yaran maƙwabtansa guba don kifin kwana ɗaya, wallahi bai cancanci ya sake taka yashin nan ba."

Aka yi ta gyaɗa kai. Ya zauna yana jin daɗin kansa. Sai dagaci ya ce a kawo abin da aka samu. Wani ya jawo buhu ya zazzage a kan tabarma: jarka biyu da suka tsage, da robobi sun fi ashirin, sun ƙoƙe, yashi ya cika wasu. Ɗaya ta gangaro har gaban ƙafar Ishiyaku ta tsaya, gindinta yana kallonsa. Huda uku. Ya kai ido kan ta kusa da ita, huda uku.

Wakilin wani ƙauye ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta sama. "Jama'a ku dubi mugunta! Hudawa ya yi don maganin ya riƙa tsiyaya a hankali. Malam Ishiyaku, kai ne masani, ko ba haka ba ne?"

Kowa ya juyo. Nan ne wurin da ya kamata Ishiyaku ya buɗe baki, kalma biyar ta isa. Amma ya tuna maganar da ya gama faɗa yanzu yanzu, ya tuna samarin da suke ce masa Likita, ya tuna sirikansa biyu suna zaune a cikin taron. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce, "Zai iya yiwuwa."

Aka tambayi Ƙasimu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a komata na same su. Na ga kifi yana mutuwa na shiga in duba. Wallahi ban zuba komai ba."

"To wa ya zuba?" in ji dagaci.

Ƙasimu bai amsa ba. Aka maimaita, ya yi shiru. Shirun nan aka ɗauka a matsayin amsa laifi. Malama Khairiyya ta roƙa a jinkirta a ƙara bincike, amma iyayen yaran da suka kwanta asibiti suna wurin, ransu a ɓace, ba mai iya tausar su. Kafin azahar aka yanke hukunci, wakilai tara suka ɗaga hannu. Hannun Ishiyaku shi ne na ƙarshe, amma ya ɗagu.

Labari ya riga shi isa gida. Raliya ta ajiye masa tuwo, ta zauna nesa kaɗan, abin da ba ta saba ba.

"Malam, an ce robobin a huje suke."

"Haka ne."

"Huda nawa?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da juya loma a cikin miya.

"Ni nake gasa ƙusar nan, Malam," ta ce a hankali. "Shekara nawa ina gasa ta. Yanzu matar mutumin nan da me za ta ɗora tukunya?"

Ya daka mata tsawa, ya ce maganar maza ce. Tunda suka yi aure bai taɓa yi mata irin wannan tsawar ba, kuma ya san tabarmar kunya ce yake naɗewa da hauka. Ba ta sake tayar da zancen ba. Sai dai ta daina zuwa biki ko suna a ƙauyukan ƙasan rafi, ko na dangi ne, ta ce ba ta da fuskar da za ta kalli matan can da ita.

Ishiyaku ya ce bari ya gyara abin a ɓoye. Ya ari amalanke da shebur, ya gangara ƙasan lambunsa. Rabin ramin ruwa ya tafi da shi, ragowar jarka biyu suna nan. Ya tono su, ya bi rafin yana tsintar robobi a gindin kowane daji da kowace kwana, yini guda, kwana da kwanaki, rana tana dukansa. Abin da bai zata ba shi ne mutane za su gani. Suka ce kai, ka ga bawan Allah, ɓarnar wani yake kwashewa da hannunsa. Mata suka riƙa aiko masa da kunun zaƙi. Liman ya ambaci sunansa bayan sallar Juma'a. Kowane yabo sai ya ji shi kamar an watsa masa barkono a ido, amma ya karɓa, ya ce a yi masa addu'a. Ya rame, wuyansa ya fito. In ya tsaya salla sai ya rasa raka'a ta nawa yake. Sau biyu yana hawa babur da niyyar zuwa wurin dagacin Tudun Gawo, sau biyu yana kaiwa mararraba ya juyo. Haka aka ci wata huɗu.

Ana gab da faɗuwar damina aka yi babban taro a Gwaram, ƙauyuka tara da dagatansu, har da wasu ƙauyuka uku da suka ji labari suke son shiga. Aka ce tafiya ta yi nisa, a zaɓi shugaba. Ba a ko yi gardama ba, aka ce Malam Ishiyaku. Malama Khairiyya ta miƙa masa takarda, ta ce ya karanta wa baƙi dokokin da aka kafa, da sunayen waɗanda hukunci ya hau kansu, don su san abin ba wasa ba ne.

Ya miƙe ya karanta dokokin tiryan-tiryan da muryar nan tasa ta huɗuba. Ya juya takarda. Suna ɗaya ne tak a shafin. Ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ya yi gyaran murya ya sake gwadawa. Sai ya naɗe takardar.

"Jama'a," ya ce, "robobin nan nawa ne. Ni na huda su, ni na binne su a yashi, ruwa ya kai su Tudun Gawo. Tun ranar da aka zazzage buhun na gane su. Ƙasimu bai zuba komai ba."

Kowa ya zuba masa ido. Da zaginsa aka yi, da ya fi masa sauƙi. Dagacin Tudun Gawo, tsoho mai sanyin magana, ya dube shi ya ce, "Binnewar kuskure ne, Malam, kowa yana iya yi. Amma wata huɗu?"

Ishiyaku ya tsaya a gaban mutum sama da ɗari, gumi yana bin gemunsa, yana fatan ƙasa ta tsage. A zaman nan aka soke hukuncin Ƙasimu. Aka kafa sabuwar doka cewa ba binne robar magani a rafi ko kusa da shi, kowane ƙauye ya tara nasa a rufaffen wuri har ma'aikata su zo su kwashe. Shugabanci aka ba wani. Ishiyaku da bakinsa ya ce dokar da ya kawo ta hau kansa, ya bar lambun bakin rafi. Dagacin Tudun Gawo ya ce wannan duk mai sauƙi ne, akwai aiki ɗaya da ba mai yi sai shi: ya je ya nemo mutumin ya gaya masa.

Ƙasimu ya bar Tudun Gawo tun wata uku da suka wuce. Ya sayar da koma da gora, ya kai iyalinsa gidan surukai, ya shiga Birnin Kudu neman abin yi. Ishiyaku ya yi yini biyu yana tambaya kafin wani mai shayi ya nuna masa bayan tasha. Can ya hango shi da rana tsaka, yana tura kurar ruwa mai jarka goma a wani ɗan hawa, ya duƙa har ƙirjinsa yana taɓa ƙarfen. Ishiyaku ya sa hannu suka tura tare har suka kai kan tudu.

"Sannu Baba," in ji Ƙasimu yana haki. "Lafiya dai?"

Ishiyaku ya tsuguna a gabansa a gefen titi, mutum mai furfura, masu wucewa suna kallo. Ya faɗi komai, bai rage ba. Ya ce an soke hukunci, rafi a buɗe yake gare shi daga sama har ƙasa. Ya roƙe shi ya yafe masa don girman Allah.

Ƙasimu ya goge fuska da gefen rigarsa. "Tashi, Baba, ba kyau a gan ka haka. Ai na sani."

"Ka sani?"

"Shekara nawa ina wucewa ta ƙasan lambunka ina ganin ka kana tona ramin nan. Tun da na ɗago su a koma na san daga inda suka taho."

"To don me ba ka faɗa ba? Dagaci ya tambaye ka har sau biyu!"

"In na ce Malam Ishiyaku ne, wa zai yarda da ni? Kuma ka haife ni, ban iya tona ka a gaban sirikanka ba. Na ɗauka da bakinka za ka faɗa. Kai nake ta kallo ranar nan, Baba, tun daga farko har aka ɗaga hannu. Kai kuma kana kallon ƙasa."

Ishiyaku ya ce zai saya masa sabuwar koma, ko da injinsa zai sayar.

"Na yafe maka duniya da lahira," in ji Ƙasimu. "Amma komawa rafi, a bar ta tukuna. Mutum ɗari ne suka ji an wanke ni. A kasuwa uku kuwa aka yi ta faɗin cewa kifina da guba nake kama shi. Ƙaramar 'yata ma an hana yara wasa da ita." Ya dubi leɓɓan tsohon da suka bushe suka tsattsage, ya buɗe jarka ɗaya, ya tsiyaya ruwa a kofin da yake rataye a jikin kurar, ya miƙa masa da hannu biyu. "Ka sha rana. Sha, Baba, na burtsatse ne, babu komai a ciki."

Ishiyaku ya karɓa. Ya kai bakinsa, ya kurɓa sau ɗaya, ya tsaya riƙe da kofin. Ƙasimu ya jira har ya miƙo kofin, ya rataye shi, ya ce ana jiran sa a wani gida. Ya sa ƙirji ya tura kurarsa ya gangara.